Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Haɗa Manhaja da Sana'ar Hannu ga Matasan Zangon Kumasi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan dawowa daga bakin samari da 'yan matan Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo, har da iyayensu, kan aikin rubuta kod da kuma sana'ar hannun da wasunmu ke yi a gefe. An fara da na masu shirin shiga, aka gangaro zuwa na waɗanda suka yi nisa. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna wurin.

Mene ne ainihin aikin mai haɗa manhaja? A gida an ɗauka gyaran waya nake koya.

Mai gyaran waya a Adum yana taɓa abin da ido ke gani: gilashi, batir, wajen caji. Mai haɗa manhaja kuwa umarnin da ke sa na'urar aiki yake rubutawa. Idan ka tura wa mahaifiyarka MoMo, akwai kod da wani ya zauna ya rubuta, wanda zai duba ko kuɗinka sun isa, ya cire daga asusunka, ya zuba a nata, ya aika wa kowannenku saƙo. MTN ta kawo wannan tsari Ghana a 2009, a 2018 kuma aka haɗa layukan ta hannun GhIPSS, kamfanin Babban Bankin Ghana mai kula da tsarin biyan kuɗi, yadda kuɗi za su iya tsallakawa daga wani kamfanin waya zuwa wani.

Aikin ya rarrabu. Wani yana gina fuskar da mutum ke dannawa, wani yana gina cikin da ke lissafi da ajiya, wani manhajar waya, wani rumbun bayanai, wani kuma kula da saba, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, da tsaro. Abin da sabon shiga bai cika tsammani ba shi ne, mafi yawan yinin yana tafiya ne wajen karanta kod ɗin wasu da tambayar mai aiki abin da yake so da gaske. Buga madannai kaɗan ne daga ciki.

Dole ne sai na yi jami'a?

Ba dole ba ne, amma idan hali ya yi, ka je. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, tana nan bakin ƙofarmu tun 1952, ga jami'ar fasaha ta Kumasi wadda a da ake kira Poli. Digiri yana buɗe ƙofar banki da ofisoshin gwamnati, yana sauƙaƙa neman biza ko ƙaro karatu, yana kuma kai ka hidimar ƙasa, wadda ga mutane da yawa ita ce aikinsu na farko. Wanda yake sakandare yanzu ya riƙe lissafi na zaɓi da kyau a WASSCE, domin sashen kimiyyar kwamfuta yana nemansa. Wanda ya haura shekara 25 kuma akwai hanyar shiga ta manyan ɗalibai.

Idan babu hali, hanya ba ta rufe ba. freeCodeCamp da The Odin Project da darasin CS50 na jami'ar Harvard duk kyauta ne, data kawai za su ci. Akwai AmaliTech da ke horar da matasa, akwai cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da aka buɗe a Akra a 2003, akwai MEST da ta fara a 2008, ko da yake ita ta fi karkata ga masu son kafa kamfani. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne makarantar da za ta karɓi kuɗi mai yawa ta ce a wata uku za ka samu aikin dala. Ka nemi ganin ɗalibanta na bara, ka ji daga bakinsu inda suke yanzu.

Da wane yaren kod zan fara? Kuma ni lissafina ba shi da ƙarfi.

Idan shafukan intanet kake so, fara da HTML da CSS, sannan JavaScript. Idan bayanai da sarrafa su ne suka fi jan hankalinka, Python. Ko wanne ka ɗauka, ka haɗa da SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, da Git, mai ajiye tarihin sauye-sauyen kod, don babu inda za ka yi aiki ba tare da su ba. Ka tsaya kan yare ɗaya har sai ka gina abu da shi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma masu tsalle daga yare zuwa yare duk wata su ne suke shekara biyu ba su gama komai ba.

Lissafin da aikin yau da kullum ke buƙata bai wuce na sakandare ba, sai ga masu shiga ƙirƙirarriyar basira ko zanen wasanni. Abin da ya fi tare 'yan Zango shi ne Turancin karatu: bayanin kayan aiki, saƙon kuskure, wasiƙar abokin aiki. Wanda ya yi makarantar allo da ta Islamiyya yana da juriyar zama da haddar da za ta taimake shi ƙwarai, sai dai ya ware lokaci kullum yana karanta Turanci a rubuce, yana kuma rubuta bayanin abin da ya gina da kansa.

Wace irin laftof zan saya?

Ta hannu mai kyau ta isa. Nemi mai ƙwaƙwalwar aiki 8GB zuwa sama da ma'ajiyar SSD, irin su ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook da ofisoshin waje suka sallama. Kafin ka biya, zare cajar ka ga yadda batir yake sauka, danna kowane harafi, ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin injin da ke zuwa kafin kwamfuta ta gama tashi. Je da wanda ya sani. Idan injin ya tsufa, sa masa Linux zai sauƙaƙa masa nauyi, kai ma ka koyi abin da za ka tarar a kan saba.

Ɗana yana kwana gaban laftof. Ta yaya zan san ba sakawa, wato damfarar intanet, yake yi ba?

Baba, tsoronka yana kan hanya, domin mun ga gidajen da wannan abu ya ɓata. Amma gani ya kori ji. Ka ce ya zaunar da kai ya nuna maka abin da ya gina, ya buɗe a wayarka ka danna da hannunka. Mai koyon kod zai yi murna da wannan tambaya, zai ma cika ka da bayani. Allonsa cike yake da layukan rubutu masu launi, yana da shafi a GitHub, dandalin da masu kod ke ajiye aikinsu, mai ɗauke da sunansa na gaskiya da ranar kowane aiki. Kuɗi kuma ba sa zuwa masa da wuri. Yaron da bai shekara da farawa ba ya shigo da mota, ko yake ɓoye fuskar kwamfuta idan an shigo, ko yake hira da baƙi da sunan da ba nasa ba, shi ne abin bincike.

Kai kuma ƙanina, nauyin bayani a kanka yake. Kada ka ba kowa aron asusunka na banki ko na MoMo don a wuce da kuɗi, kada ka gina wa kowa shafin da yake kwaikwayon na banki ko da ya ce gwaji ne. Dokar mu'amala ta na'urorin zamani ta 2008 da dokar tsaron intanet ta 2020 suna hukunta irin wannan, kuma wanda ya gina kayan aikin ba ya kuɓuta don bai karɓi kuɗin da hannunsa ba.

Na kalli darussa da yawa, amma idan na buɗe kwamfuta ban san me zan rubuta ba.

Ka rufe bidiyon ka fita waje. Tela a Aboabo yana da littafin awo da ya yayyage, kuma duk gabanin Sallah rigima ce kan wa ya fara kawo yadi. Uwar adashe a Kejetia tana riƙe lissafin zubi a ka da takarda. Malamin makaranta yana son sanin wa ya biya kuɗin wata. Zaɓi ɗaya, ka zauna da mutumin, ka gina masa ƙaramin abu da zai yi amfani da shi da gaske. A nan za ka ci karo da abin da darasi ba ya koyarwa: wayar mai arha ce, data ta ƙare, sunan mutum ɗaya an rubuta shi iri uku, wanda ya nemi Ƙasimu ya buga Kasimu manhajar ta ce babu shi. Warware wannan na ƙarshe kaɗai zai koya maka Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, fiye da mako guda na kallo.

Ka gama shi. Abu ɗaya da mutum na gaske yake amfani da shi ya fi ayyuka goma da aka bari a rabi, kuma shi za ka nuna a ranar ganawar neman aiki. Tun da sunaye da lambobin mutane za ka riƙe, ka karanta abin da dokar kare bayanai ta 2012 ta ɗora wa mai tattara su, kada kuma ka sa bayanan gaske a ma'ajiyar GitHub da kowa ke gani.

Ta ina aikin farko yake fitowa?

Mafi yawa ta hannun mutane. Ka riƙa zuwa taron masu Python da na ƙungiyoyin masu kod a KNUST da Kumasi Hive, ka nuna aikinka, ka yi tambaya. Taron PyCon, wato babban taron masu Python, na Afirka na farko a Akra aka yi shi a 2019, kuma wannan al'umma tana karɓar sababbi hannu bibbiyu. Idan ka kusa hidimar ƙasa, fara neman kamfanin da zai buƙace ka tun kafin a fitar da wuraren aiki, don shekara guda kana rubuta kod ta fi shekara guda kana jera fayil. Kamfanonin cikin gida irin su Hubtel da mPharma da Farmerline, wanda tsofaffin ɗaliban KNUST suka kafa, sun nuna cewa ana gina abu mai nauyi a nan.

Idan an yi maka tayi, tambayi ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji ne ko bayansa, da ko za a biya maka SSNIT, wato kuɗin fansho. Ma'aikaci yana ba da kashi 5.5 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya ƙara kashi 13. A aikin farko, wanda zai riƙa duba kod ɗinka ya fi ƙarin sidi kaɗan muhimmanci. Amsa ta gaba ta faɗi dalili.

Bayan na shiga, yaya ake hawa daga ƙarami zuwa babba?

Ƙaramin ma'aikaci ana yanka masa aiki a ba shi, a duba bayansa. Na tsakiya ana faɗa masa matsala ya nemo hanya. Babba kuwa shi ne yake gane cewa matsalar da aka kawo ba ita ce ta gaske ba, ya san abin da bai kamata a gina ba, ya kuma ɗaga na ƙasa da shi. Ba yawan shekaru ne ke kai mutum can ba. Akwai mai shekara shida yana maimaita aikin shekararsa ta farko.

Abin da ke hawar da mutum shi ne bitar kod, kuma ɗan Zango bai kamata ta zame masa baƙuwa ba. Duk wanda ya zauna a shagon tela ya san ranar da maigida ya ɗaga rigar da yaro ya wuni a kai, ya juya cikinta, ya miƙa masa reza ya ce warware. Ba ƙiyayya ba ce. A ranar ne yaron yake fara zama tela. Haka babban abokin aiki zai dawo maka da kod ɗinka da gyara ashirin. Ka karanta kowanne, ka tambayi dalili, kada ka kare kanka kafin ka fahimta. Na ga haziƙai sun tsaya cik saboda ba sa jure wannan, na ga masu matsakaicin kai sun wuce su saboda suna nema a duba su.

Daga matakin babba hanya ta rabu biyu: ko ka shugabanci mutane, inda taro da tsara aiki za su cinye lokacin kod, ko ka zurfafa a fasaha ka zama mai tsara ginin manhaja gaba ɗaya. Babu wadda ta fi wata daraja. Kada ka karɓi shugabanci don kawai a gida za a ji an ce manaja.

In zauna a Kumasi, in koma Akra, ko in nemi aikin waje daga gida?

Ofisoshi sun fi yawa a Akra, haya ma haka. Shawarata ga mai farawa ita ce ya je inda zai zauna kusa da waɗanda suka fi shi, ko da na shekara biyu ne. Bayan nan aikin nesa yana ba mutum damar dawowa kusa da iyaye. Agogonmu yana taimakawa: Ghana tana kan GMT duk shekara, daidai da Landan a lokacin sanyinsu, awa ɗaya a baya a lokacin zafi.

Amma a shirya. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na shekarun 2012 zuwa 2016 ya san darajar inbata ko babban batir. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasar ta yi kwanaki tana fama, don haka a riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Albashin dala ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a 2022 sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, a 2025 kuma sidi ya farfaɗo, masu karɓar dala suka ga abin da ke shigo musu ya ragu. Babban suna ba tabbaci ba ne. Twitter ta sallami kusan dukkan ma'aikatanta na Akra a Nuwamba 2022 jim kaɗan bayan buɗe ofishin. Ka tara kuɗin watanni, ka biya harajinka ga hukumar haraji ta GRA, ka sa komai a rubuce.

Kamfanin caca ko na bashi da ruwa ya kira ni, albashin kuma mai tsoka ne.

Wannan tambaya ce ta malami, ka kai masa ita da cikakken bayani: me kamfanin ke sayarwa, me hannunka zai gina. Ra'ayina ban ɓoye shi ba, na ga abin da cacar ƙwallo ta yi wa samarin unguwanninmu, ba zan so kod ɗina a cikinta ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanke wa kanka iyaka tun kana da aiki a hannu, kafin matsi ya zo. Haka batun Juma'a: faɗa tun a ganawa cewa za ka fita da azahar ranar, ka cike lokacin daga baya. Wuraren aiki da yawa a Ghana ba sa ganin wannan matsala ce idan an faɗa da wuri.

Ni mace ce. Akwai wuri na a wannan aiki?

Akwai, ƙanwata. Regina Honu, wadda ta kafa Soronko, ta koyar da 'yan mata kod har a Nima, ga Developers in Vogue da PyLadies da Django Girls duk suna aiki a ƙasar nan. Aikin yana cikin waɗanda ake iya ci gaba da su daga gida bayan aure ko haihuwa, amma kada ki bari wannan ya hana ki shiga cikin mutane a shekarun farko. Duba amsar da ke kan aikin farko. Idan tarurrukan dare ne matsala a gida, ki tafi da 'yar'uwa, ki kuma gayyaci Mma ta ga abin da kika gina.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta cinye aikin ba?

Ta riga ta cinye wani ɓangare: ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga, yanzu na'ura tana zubo su cikin daƙiƙa, shi ya sa ƙofar shiga ta ƙara ƙunci. Ba ta cinye sanin ko abin da ta zubo daidai ne ba. Mai koyo ya yi amfani da ita wajen neman bayani, amma kada ya miƙa kod ɗin da ba zai iya bayyana kowane layinsa ba. Akwai kuma aiki a cikinta. Google ta buɗe cibiyar bincikenta ta farko a Afirka kan wannan fanni a Akra a 2019, ƙungiyoyi irin su GhanaNLP da Masakhane suna aiki kan harsunanmu, kuma Hausar Zango da muke yi a Kumasi ba ta da yawa a rubuce. Mai kod da ya tashi da ita yana da abin bayarwa.

Me ya haɗa wannan duka da sana'ar hannu? Ba ɓata lokacin karatu ba ne?

Kod ba ya ƙarewa. Ka gama yau, gobe a sauya buƙata, baɗi a goge shi a sake wani. Mutum yana iya shekaru yana aiki tuƙuru ba shi da abin da zai ɗauka ya miƙa wa kakarsa. Hula kuwa tana da allurar ƙarshe, jaka tana da ranar da za a rataya ta. Wanda ya wuni da abin da ba a taɓawa yana buƙatar wannan, kuma na gaskata shi ne yake sa wasu su daɗe a aikin ba su ƙone ba.

Akwai na jiki ma. Zama awa takwas ido a kan haske, wuyan hannu a lanƙwashe, yana da kuɗin da ake biya daga baya. Sai dai a lura, surfani da kwarashi su ma aikin ido ne da yatsu. Wanda wuyan hannunsa ya fara zafi ya zaɓi abin da zai tsayar da shi ya motsa kafaɗa, kamar sassaƙa ko ginin tukwane ko rini, idan zafin ya ƙi tafiya kuma ya ga likita. Mai koyo da yake cikin watanninsa na farko ya taƙaita sana'ar ga yammacin Asabar ko Lahadi. Ba sai kullum ba.

Wace sana'a zan ɗauka, kuma a ina zan koya?

Fara da ta gida. A Zango akwai masu ɗinkin hula, masu aikin babbar riga da suka san aska biyu da aska takwas, dukawa masu jaka da takalmi da kube, masu zayyanar allo, mata masu lalle da kwarashi da jera duwatsun wuya. Da yawansu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun kama wasu hanyoyi. Dukanci yana da sauƙin farawa: fata, wuƙa mai kaifi, basilla, zare mai kakin zuma, sai katakon yanka. Zare da yadi da allura duk suna Kejetia.

Kumasi kuma ta kewaye kanta da sana'o'in Asante. A kan hanyar Mampong akwai Pankrono na tukwane, Ahwiaa na sassaƙa, da Ntonso inda ake buga adinkra da tambarin ƙwarya da rinin ɓawon itacen badie. Ta wajen Ejisu akwai Bonwire, gidan saƙar kente, sana'ar da UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya a Disamba 2024. Mai son ƙarfe ga Suame Magazine. Cibiyar al'adu da ke cikin gari wuri ne mai kyau na ganin masu sana'a da yawa a yini ɗaya kafin mutum ya zaɓa.

Yaya zan tunkari dattijon mai sana'a, alhali ba cikakken almajiri zan zama ba?

Ta hannun wanda ya san ku duka. Ka je da goro da gaisuwa, ka faɗi gaskiya: kana da aikin ofis, rana ɗaya a mako kake da ita, kana son koyo ba don ka ƙwace masa ciniki ba. Ka tambayi abin da za ka riƙa bayarwa, ka biya kayan da ka lalata. Ka ajiye waya a aljihu, kada ka ɗauki hoton zanensa sai da izini. Idan ya sa ka goge fata ko warwarar zare na makonni, ka yi. Kada kuma ka fara da cewa za ka gina masa shafi. Bari sai ya ga zamanka, idan yana so zai tambaya.

Shin sana'ar tana ƙara wa mutum iya kod da gaske?

Ba za ta koya maka SQL ba, kuma ba na son a sayar da ita da wannan alkawari. Abin da take gyarawa hali ne: auna kafin yanka, haƙurin warwarewa, kula da cikin aiki da mai saye ba zai duba ba. An yi maganar wannan a amsar hawa mataki.

Dangantakar tarihi kuwa tabbatacciya ce. A 1804 Joseph Marie Jacquard a Faransa ya fito da masaƙar da kati mai huji yake gaya mata zaren da za ta ɗaga. Charles Babbage ya ɗauki dabarar katin ya sa a tsarin injin lissafinsa, Ada Lovelace kuma ta yi rubutu a kan injin a 1843. Kwamfutar kumbon Apollo ma, mata ne suka saƙa manhajarta da hannu, suna zura waya ta cikin ƙananan zobba ko ta gefensu. Mai kod da ya tsaya ya kalli masaƙin Bonwire yana ƙirga zare, yana maimaita tsari a kan ƙyalle mai faɗin kusan inci huɗu, zai gane abin da yake kallo.

Abokai sun fara cewa in sayar. In mayar da ita kasuwanci?

Kada ka yi gaggawa. Da zarar ka karɓi kuɗin mutum da alkawarin Sallah, ka samu maigida na biyu, kuma abin da ka nema don hutu ya zama wani wa'adin. Idan ka ƙudura, sayar da abin da ka riga ka gama, ban da oda. Ka lissafa kuɗin kaya da awannin da ka zuba, sannan ka duba farashin malaminka. Albashinka yana ba ka damar karya farashi, shi kuwa da wannan yake ciyar da gida, don haka kada ka sayar ƙasa da shi. Odar da ta fi ƙarfinka ka tura masa. Idan cinikin ya girma, yi rajistar sunan kasuwanci, ka raba asusunsa da naka, ka kuma duba takardar aikinka ko ta yi magana kan sana'ar gefe.

Zan iya sa alamomin adinkra ko zanen kente a manhajata ko a kayan da nake sayarwa?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ɗora haƙƙin kayan gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin al'umma, hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa ce kuma take ba da izinin amfani da su don kasuwanci. Abin da ka yi don kanka daban, abin da za ka sayar daban. Kafin na biyun ka tuntuɓi hukumar. Ka kuma san ma'anar alamar kafin ka buga ta, domin kowace tana da suna da abin da take nufi ga Asantawa. Haka rubutun Larabci: ayar Alƙur'ani ba ta hawa takalmi ko abin da za a taka ko a shiga da shi bayan gida. Zanen da malaminka ya ƙirƙira kuma nasa ne, ko da babu takarda. Duba amsar tunkarar dattijo.

Ina son haɗa biyun: in rubuta kod da zai fitar da zanen hula ko na riga. Ta ina zan fara?

Da takarda mai gida-gida. Ɗauki hula ɗaya, ƙirga gidajen ƙaramin zanen da ke maimaituwa, ka rubuta shi a jere da lambobi, kowace lamba launi. Daga nan p5.js, kayan zane na JavaScript, ko ɗan Python zai zana maka shi, ya maimaita, ya juya, ya sauya launi. Kewayen hula dole ya rabu daidai da faɗin zanen, in ba haka ba mahaɗar baya za ta fito a karkace, don haka sa kod ɗin ya lissafa wannan daga awon kai. Fitar da sakamakon a SVG, wato nau'in fayil na zane.

Idan da hannu za ka ɗinka, buga shi a takarda ya isa. Idan na keken surfani ne mai kwamfuta, Inkscape da ƙarinsa Ink/Stitch suna mayar da zane fayil ɗin ɗinki, TurtleStitch kuma yana barin mutum ya tsara hanyar allura kai tsaye, ya dace da koya wa yara. Tambayi mai keken irin fayil ɗin da injinsa ke karɓa kafin ka je, domin sun bambanta. Fata da katako kuma ana iya yanka su da na'urar leza a wuraren ƙere-ƙere, amma ban da fatar roba mai PVC, hayaƙinta guba ne. Fara gwaji a kan guntun yadi irin wanda za ka yi aikin da shi, da madogara a bayansa, don ɗinki mai yawa a wuri ɗaya yana tattare shadda, kuma allon kwamfuta ba zai nuna maka hakan ba. Idan ya tattare, rage yawan ɗinkin a kod, ka sake gwadawa a wani guntun kafin ka ɗora rigar.